Shekarar da Ruwa Ya Nuna Ɗakin Kpade

Duk wanda ya taɓa cin jatan landen Sodokwe, ko ya sani ko bai sani ba, daga hannun gidan Kpade ya ci. Ba wai sun fi kowa taru ko kwale-kwale ba, a wannan fannin talakawa ne irinmu. Abin da suka mallaka fartanya ce guda ɗaya, tsohuwa, wadda hannaye suka goge ƙotarta har tana sheƙi. A zamanin da nake ba da labari, kafin a datse kogi a can arewa, garinmu zaune yake a kan ɗan siririn yashi, teku a gaba, tafki a baya. Da rani teku kan tara yashi ya toshe ƙofar da ke tsakanin ruwan biyu. In damina ta yi nisa, kogi ya sauko ya cika tafki, ruwa ya rasa mafita, sai a haƙa masa hanya da hannu. Ta wannan ƙofa 'ya'yan jatan lande ke shigowa daga teku, su yi girma a tafki, mu kuma mu tare su da shinge da gura, wato tarkon kwando, in sun juyo za su koma. Shekarar da ba a buɗe ƙofa ba, sai dai matan gari mu zauna muna kallon murhunan banda ba hayaƙi.

Saran farko na gidan Kpade ne tun kakan kakansu, wanda aka ce shi ya fara kafa shinge a tafkin. Amma ba su ke zaɓen wuri ba, ruwa ke nunawa. Idan tafki ya cika ya matsu, akwai inda zai fara tsattsafowa ta ƙarƙashin yashi, ƙasa ta yi naso, in ka taka ƙafarka ta nutse. Nan ake sara, ko filin wane ne. Aikin mai riƙe da fartanya shi ne ya bi gaɓa kullum da sassafe har ya gano wurin, ya faɗa wa gari. Sau ɗaya aka taɓa saɓawa, uwata tana yarinya, don a tsirar da gonar kwakwar wani mai hali. Aka sara can gefe. Ƙofar ta buɗe, sai ta yi ta tafiya tana cin yashi har ta isa inda ruwa ya nuna tun farko, ta haɗiye unguwa guda a hanya, har da kwakwar da ake tattali. Tun daga ranar ba wanda ya sake kawo wannan dabara.

Hwefa Kpade ta girme ni da 'yan shekaru. Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu muna yara, kafin aure ya kai ni unguwar murhu a tsakiyar gari, shi ya sa Dada, wato yaya, nake ce mata har ta bar duniya. Doguwa ce, busasshiya, idanunta kullum ja saboda hayaƙin ɓawon kwakwa, ga ƙarancin magana kamar sayar mata ake yi. Ni kuwa, Mawusi, duk Sodokwe an san bakina ba shi da murfi, har mutane na mamakin abin da ya haɗa mu. Ta yi aure a ƙetaren tafki, miji ya mutu, ba ɗa ba jika, ta tattaro tukwanenta ta dawo gidan uba.

Ta dawo ne daidai lokacin da idon tsoho Kpade ya fara mutuwa. 'Ya'yansa maza duk sun bi kifi zuwa wasu ƙasashe, kamar yadda mazanmu suka saba. Biyu a can aka binne su, ya rage autansu Ahlonko, wanda Hwefa ta goya, yana kamun kifi a Abijan. Sai ya zama ita ke riƙe hannun tsoho su bi gaɓa da asuba, tana faɗa masa abin da ta gani, shi kuma yana danna yashi da diddige yana gyara mata. Ranar sara ita ke riƙe fartanya, ya ɗora hannunsa a kan nata. Da ya rasu dattawa sun yi ta gunaguni, wai ina mace ina saran farko, amma da aka ce to wa za a ba, kowa ya sunkuyar da kai. Aka daidaita a kan cewa riƙo take yi wa Ahlonko. Shi kuwa gogan sai an manta da shi ya leƙo, rediyo a kafaɗa, da turare mai hawa kai, ba ya iya bambance nason ruwa da inda kare ya ɗaga ƙafa.

An binne tsoho a cikin ɗakinsa, yadda muke yi wa mai gida, aka shafe wurin da siminti. Gidan yana ƙarshen gari ta yamma, inda hanyar mota ke shigowa. Hwefa ta ci gaba da zama a ciki ita kaɗai, tana banda, tana kai kaya kasuwa, tana sara ƙofa duk shekara. A zamaninta ne jatan landen Sodokwe ya yi suna har fatake daga Kwatano da Lome ke zuwa da kwanduna su kwana a gindin murhunanmu. Ban ce ita ta kawo su ba, amma duk shekarun da ta riƙe fartanya ƙofa ba ta taɓa yawo ba, kuma kafin shekarar da zan faɗa ba gida ko ɗaya da ruwa ya ci.

Shekarar da nake nufi ruwan sama ya yi hauka a arewa. Kogi ya sauko jajir, da itatuwa da mushen awaki, tafki ya yi ta hawa. Ya shanye wuraren dafa gishiri, ya shiga murhunan da ke bakin gaɓa, macizai suka fara hawowa cikin gidaje. Kowace safiya Hwefa ta fita da sandarta, ta bi yashi daga gabas zuwa yamma, ta dawo ta tarar da mutane tsaye suna jiran bakinta. Sai ta girgiza kai ta wuce. Da farko ba wanda ya damu, ruwa kan yi nawa wata shekarar. Amma tafki ya wuce inda tsofaffi suka taɓa ganinsa, ita kuma amsarta ba ta canja ba. Aka fara ƙus-ƙus cewa idonta ya bi na ubanta, wasu suka ce dama abin ba na mace ba ne, ruwa ne ya gaji da haƙuri.

Mu da muke kan tudun yashi ma da sauƙi. Mutanen ƙauyukan ƙetare, masu rogo da masara, su ne ruwa ke kwana a ɗakunansu. Ranar Laraba suka zo cikin kwale-kwale, Viho a gaba, wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji da ba ya dariya ko a biki. Ya tsaya gaban dattawa, aka ba shi kujera ya ƙi zama. Ya ce rogonsu ya ruɓe a ƙasa, yaransu a kan tebur suke kwana, jiya bango ya faɗa wa wata tsohuwa ya karya mata ƙugu. Ya ce suna ganin girman gidan Kpade, amma girma ba ya tsane ɗaki. In Asabar ta yi, teku ya janye da hantsi, ba a nuna musu wuri ba, za su sara da kansu a inda yashi ya fi siranta.

Inda yashi ya fi siranta kuwa bayan ɗakina ne. Nan unguwar murhu take, nan 'ya'yana ke kwana, nan uwar mijina take kwance ba ta iya tashi. Na dubi Hwefa ina jiran ta ce wani abu. Tana zaune a kan kifaffen turmi, hannu a cinya, ta ce ruwa bai nuna ba tukuna. Na san matar nan tun ina yawo tsirara. Ba ta iya ƙarya ba, in za ta yi sai ta dubi ƙafarta, kuma ƙafarta take kallo.

Washegari da rana na ɗauki kasko na tafi gidanta wai neman garwashi. Na tarar ta tare ƙofar danga da ganyen kwakwa, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ture na shiga. An zuba wa tsakar gidan sabon yashi busasshe, an baza tabarmi a kai kamar ana jiran baƙi. Na taka tabarma ta farko, ƙafata ta nutse har idon sawu, ruwa mai sanyi ya ɓullo ta cikin saƙar. Na ɗaga ta. Ga naso nan ya taso daga gindin danga ta wajen tafki, ya ratsa tsakar gida, ya bi ta jikin ɗakin tsoho ya nufi teku, har da ƙananan ƙaguwa suna kai da kawo a ciki. Ina ɗagowa na gan ta tsaye a bakin madafa da ƙwarya cike da yashi a kanta.

"Dada, tun yaushe?"

Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta ce tun kafin ruwa ya shiga wurin gishiri.

"Wato duk safiyar da kike fita da sanda kina raina mana hankali, abin yana ƙarƙashin tabarmarki? Mu muna can muna kashe macizai, ke kina nan kina yi wa ruwa shimfiɗa kamar surukinki ne ya zo?"

"Rage murya, Mawusi."

"In rage? Jibi za a sara bayan ɗakina, da kunnenki kika ji."

Ta jawo ni inuwa ta zaunar. Ta ce ba gidan take ji ba, in don gidan ne da tun ran farko ta fitar da tukwanenta. Tsoho ne. Duk inda aka sara a tsakar gidan nan, kafin yamma ruwa zai faɗaɗa ya ci ɗakin, ya tafi da shi teku kamar mushen akuya. Dole a fara ɗauke ƙasusuwansa a mayar wani wuri. Sauran ba sai ta faɗa mini ba, kowa a Sodokwe ya sani: ɗa namiji na cikinsa ne kaɗai ke fasa kabarin uba. 'Ya mace ba ta yi, bare ba ya yi, ko ƙanen mamacin ba ya yi. Ranar da ta ga nason ta bi mota zuwa gidan waya ta aika wa Ahlonko. Amsa ta daɗe, don jirginsu na cikin teku, amma ta zo. Ya ce Asabar yana nan tafe.

Na ce to ta faɗa wa gari mana, a taru a jira tare da ita. Ta yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo. Ta ce mutumin da ruwa ke ɗakinsa, in ka ce masa ga wurin sara amma ya dakata sai mai turare ya iso daga Abijan, zai dakata? Ni ma da ba zan dakata ba.

"Ni na goya shi, na san nawarsa," in ji ta. "Bai taɓa zuwa a kan kari ba. Amma wannan karon ubansa ne."

"Ni ba zan kai ƙararki ba, Dada. Bakin da ya ce bai gani ba, shi zai ce ya gani. Amma da zarar shebur ya taɓa yashin bayan ɗakina, na rantse da kan 'ya'yana, har Lome sai an ji muryata."

Ta gyaɗa kai, ta tashi ta cika mini kasko da garwashi.

Juma'a ta yi mini tsawo. Haushinta nake ji, tausayinta nake ji, na rasa wanda ya fi. Na sa aka ɗauke uwar mijina aka kai ta gidan 'yarta, na ɗaɗɗaure kaya, mijina ya tambaye ni me ya sa nake cizon duk wanda ya matso, na ce ya je ya tambayi tafki. Ruwa ya shiga ajin makaranta, rijiyar unguwa ta gurɓace. Samari suka fara taruwa a gindin kwakwa suna zagin gidan Kpade da ƙarfi, ba a ɓoye ba kamar da. Da la'asar na bi ta yamma, na hange ta tsaye inda mota ke sauke mutane, alhali ta san sai gobe ya ce. A bayan dangarta ta wajen teku ta baza tsofaffin taruna kamar shanya. Na san abin da ke gudu a ƙarƙashinsu, na kau da kai na wuce.

Asabar gari ya waye ba iska ko kaɗan. Tafki ya kwanta fal, har yana lasar gindin murhuna, teku kuma ya fara ja da baya. Rana ba ta yi zafi ba kwale-kwalen ƙetare suka ɓullo, sun ninka na ran Laraba, shebura da kwanduna cike da su. Dattawa suka tare su da roƙo, aka aika a kira Hwefa, ɗan aike ya dawo ya ce ba ta gida. Viho bai yi faɗa da kowa ba. Ya wuce ta tsakanin ɗakina da murhun banda, ya dubi tafki, ya dubi teku, ya ja layi a yashi da bakin shebur. Ina gani suka jeru suka fara.

Ni da nake da jiki, ban san ina da gudu ba sai ranar. Na same ta a bakin hanya, hannu a goshi tana kare rana. Wata mota ta tsaya, ta sauke mata biyu da kwandunan tumatir, ta juya ta tafi.

"Sun fara, Dada."

Ba ta waiwayo ba. Ta ce akwai wata motar da kan zo kafin rana ta take.

"Kafin rana ta take ɗakina yana cikin teku. Ki juyo ki dube ni."

Na cafki gefen zanenta. Ta juyo, kuma da na ga fuskarta sai na saki, don ta tsufa a cikin kwanakin nan fiye da shekarun da na san ta. Ta sake duban hanya, ba komai sai yashi da kwakwa. Ta shiga gida ta fito da fartanya. Ba ta yi sauri ba, har sai da na ji kamar in tura ta. Muka isa mun tarar rami ya kai gwiwa, maƙwabtana na jan yara da kaya suna kuka.

"Ku ajiye," in ji ta. "Ruwa ya nuna."

Viho ya tsaya da shebur a hannu, ya tambaye ta ina. Ta ce su biyo ta.

Gari kaf ya bi ta. Da hannunta ta ture ganyen kwakwa, ta yaye tabarmi ɗaya bayan ɗaya. Ba sauran yashi busasshe, tsakar gidan ya zama taɓo, ruwa na ɓuɓɓugowa a gindin bangon ɗakin tsoho. Viho ya tambaye ta tun yaushe, ta faɗa masa gaskiya. Sai wuri ya kaure. Ɗan tsohuwar nan da bango ya karya ya tofa yawu a gabanta, ya ce uwarsa na can tana ihu ita tana nan tana wasan tabarma. Wasu suka ce a ƙwace fartanyar. Ta tsaya ana yi, kuma gaskiyarsu ce, ita ma ta sani.

Viho kuwa ƙofar ɗakin yake kallo. Ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya tambaya ina Ahlonko. Ta ce yana hanya. Ya cire hularsa, ya kira ta Tasi, wato gwaggo.

"Tasi, ni ma a ɗaki na binne nawa uban. Mun kwana cikin ruwa har yau, dare ɗaya ba zai kashe mu ba. A jira gobe."

Mutanensa suka fara gunaguni, ya waiwaya ya dube su, suka haɗiye. Ni kam har na saki numfashi, na ce a raina an gama. Amma Hwefa ba ta yi godiya ba. Ta taka zuwa gindin danga ta ɗora sandarta a ƙasa, ba ta ko danna ba sandar ta nutse har inda take riƙewa. Ta zagaya ta wajen teku ta janye tarunan. Ruwan da ke fita a wurin jiya garau yake, yanzu ya yi kauri, yashi yake ɗaukowa. Ta tsuguna ta ɗebo a tafin hannu, ta murza, ta zubar.

Ta ce wa Viho wurin ba zai kai gobe ba. Cikin dare zai fashe da kansa, lokacin da teku ya cika, kuma in ya fashe a haka ba tafki ne zai fita ba, teku ne zai shigo, ya bi ta kan mutane suna barci. Ko a sara yanzu teku na baya, ko a yi asarar gari. Ta faɗa ne da muryar da take faɗin ko banda ta yi ko da saura.

Ban san lokacin da na fizgi shebur daga hannun wani na miƙa mata ba.

"Dada, shiga ki fasa kabarin da kanki. Duk za mu juya baya. Wanda ya ce ya gani, ni zan yage masa baki."

Ta dubi shebur ɗin, ta dube ni.

"Tsoho fa? Shi ma zai juya baya?"

Shebur ya yi mini nauyi na ajiye.

Nan da nan aka hau kwashe kaya. Masu zaginta ɗazu su ne suka ɗauko tukwane, da ragar banda, da ƙyauren madafa. Da samari suka hau za su ɓalle kwanon ɗakin tsoho, ta hana, ta ce kada a bar shi a rana. Ta shiga ɗakin ita kaɗai ta jawo ƙofa. Ba ta daɗe ba ta fito, ta kulle kamar mai zuwa kasuwa. Aka ba ta kwalbar sodabi, barasarmu ta bammi, ta zuba wa tafki, ta zuba wa teku. Sa'an nan ta ɗaga fartanya ta sara a tsakar gidan da aka haife ta.

Maza suka rabu biyu, wasu ta yamma wasu ta gabas, suka haƙa daga wajen teku suna nufo tafki. Ramin bai fi abin da yaro zai tsallake ba. Da aka cire yashin ƙarshe ruwa ya shiga a hankali kamar mai jin kunya, sai ya ƙara gudu, sai gefuna suka fara zubewa. Kafin rana ta karkata ya fi ƙarfin tsallake, ya fi ƙarfin iyo, ƙararsa ta hana mutum jin na kusa da shi. Madafa ta tafi, bishiyar kwakwa biyu suka bi ta. Muna tsaye ta gefen gari, muna ja da baya duk lokacin da yashi ya tsage, ɗakin tsoho yana gabanmu, ruwa na matsowa.

Da la'asar mota ta tsaya a tsallake, inda hanya ta yanke yanzu. Wani mutum ya sauko cikin farar riga, da ƙaramin akwati a kansa, irin wanda ake zuba ƙasusuwa, da ƙunshin farin ƙyalle a hammata. Ahlonko ya cika alkawari, Asabar ya ce, Asabar ya zo. Ya tsaya yana kallon ruwa kamar an sauke shi a garin da bai sani ba. Da ya gane ɗakin sai ya yar da akwatin ya hau gudu a gaɓa, yana ɗaga hannu, bakinsa a buɗe, ba ma jin komai. Ya faɗa ruwa har ƙugu, mutanen Viho da ke wancan gefe suka jawo shi da ƙyar, suka danne shi a yashi.

Bangon yamma ne ya fara tafiya. Muka ga cikin ɗakin sarai, gadon tsoho, da sandarsa jingine, da simintin. Simintin ya karkata, ya tsaya haka har na ce ko zai tsira, sa'an nan ya zame ya shige. Rufin ya biyo baya. Mata suka fashe da kuka, ni ma a ciki. Hwefa tana tsaye da fartanya a hannu, ba ruwa take kallo ba, ƙanenta take kallo. Shi ma ya tashi zaune kusa da akwatinsa yana kallonta, haka suka yi har rana ta faɗi.

Sai da ruwa ya lafa aka ƙetaro da shi. Ya ce motarsu ce ta lalace a kan iyaka. Bai zage ta ba, da ma ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ya gaishe ta kamar baƙuwa, ya yi 'yan kwanaki a gidan abokinsa, ya koma, kuma bai sake taka Sodokwe ba. Ruwa ya fita daga ƙauyukan ƙetare, unguwar murhu ko bulo ɗaya ba ta rasa ba. Viho da mutanensa ne suka zo suka gina wa Hwefa ɗaki a jikin nawa, har da ɗan tsohuwar nan, yana aiki yana kau da fuska.

Da lokacin kamu ya yi, jatan lande ya zo yadda ko tsofaffi ba su taɓa gani ba. Gura na cika har ta yage, ɓawon kwakwa ya ƙare a gari sai da aka sayo daga nesa. Kwandon farko da aka ɗebo daga shinge ita aka kawo wa. Ta wanke, ta tafasa da gishiri, ta baza a raga, ta zauna tana juyawa cikin hayaƙi kamar kullum. Da ya yi ja ta ɗauki ɗaya ta ɓare, ta kai kusa da baki, sai ta tsaya. Ta daɗe tana kallonsa, sa'an nan ta miƙo mini.

"Ɗanɗana mini, Mawusi, ki ji ko gishiri ya ji."

Na ɗanɗana na ce ya ji. Ta rayu shekaru masu yawa bayan nan, tana banda, tana sara ƙofa har aka datse kogi aikin ya mutu, kuma duk tsawon shekarun ni nake ɗanɗana mata.